Shekarar Da Aka Daina Kirana Wankan Jego

Na ji abin da kika ce wa Fanta jiya, Zainabu, lokacin da kuke tsammanin na shiga ɗaki. Wai wankan jego tafasa ruwa ne da kaɗa ganye, kafin wata ya mutu mutum ya gama iyawa. Yau ba mu da aiki sai la'asar. Ku jawo tabarma nan inuwa in ba ku labarin sana'ar da kuka zo koya a wurina, in ya so kowaccenku ta sake tunani.

Kayan aikin ga su nan kuna gani. Rabin ganga ta dafa ruwa, babban baho, kujera 'yar tsuguno, ƙwaryar ɗiban ruwa, da damin ganyen darbejiya, ko runhu in an samu. Sai zani mai kauri na ɗaure ciki, da man kaɗanya. Babu gidan da ba za ki tarar da irinsu ba a Garwa. Ba don su ake tasowa daga unguwar Yelwa ko Fulɓere a zo har nan Rumde Ajiya a ce Inna Kulu ake nema ba.

Kakana falken goro ne daga Kano, ya zo ya zauna, nan aka haifi ubana, nan aka haife ni. Da mijina ya rasu ya bar ni da ƙananan 'ya'ya, uwata ta kai ni wurin Dada Asta, wata tsohuwar Bafulatana da ta wanke rabin matan unguwar nan. Na je da zaton za ta miƙa mini ganye. Sai ta miƙa mini sabulu, ta nuna mini tsummokaran mai jego. Aikina ke nan damina guda cur. Kuma kafin in tsoma su a ruwa sai na baje mata su ta gani. Kullum tambayarta ɗaya ce, da Hausarta mai rabin Fulatanci: "Me kin gani?"

In ce, "Jini, Dada."

Sai ta juya mini baya.

A hankali idona ya buɗe. Jinin biƙi yana da tafiyarsa. Ja yake farawa, ya koma ruwan ƙasa, ya yi ta dushewa har ya zama fari-fari, kuma kowace safiya raguwa yake yi. Warinsa na al'ada ne, ba ya korar mutum. In ya ja da baya sannan ya dawo ja wur, ko ana sa tsumma yana jiƙewa nan take, ko ana ganin manyan gudaji, to akwai magana. Wannan Dada take so in gani, kuma ba ta taɓa faɗa mini da baki ba sai da na faɗa mata.

Aikin da na fara faɗa mata kuwa na Hadiza ne, matar wani direban babbar mota, Malam Buba, mai zirga-zirga tsakanin Ngawundere da Kuseri. Ana gobe suna ne. Gida ya cika, ana ta suyar cincin, rago na ɗaure a ƙofa. Na buɗe tsummokara, wari ya buge ni, irin na naman da ya kwana a zafi. Na kira Dada. Ta sunkuya ta shinshina, ta shiga ɗaki ta dafa goshin Hadiza, ta danna mararta. Yarinyar ta ƙwalla ƙara. Jikinta rau kamar kasko, amma ta ja bargo tana karkarwa.

Dada ta fito, ta kamfato ruwa daga ganga ta sheƙa wa wutar murhu.

Mata suka yo kanta. "Dada, lafiya? Ruwan wanka fa!"

Ta ce, "Ba wanka yau. A kira Buba."

Malam Buba ya zo yana goge hannu, ya ce, "Dada, a bari mana a yi suna, jibi in kai ta da kaina. Mutane sun taso tun daga Ngong."

Dada ta ce, "Mutanen Ngong su ci rago. Wannan asibiti za ta, yanzu."

Ni na riƙe jaririn a mota. A matanite, ɗakin haihuwa na asibitin unguwa, muka tarar da Madam Marta, sajfam, wato ungozomar asibiti. Doguwar mace ce, Kirista, Fulatancinta ya fi nawa. Ta duba ta ce guntun mabiyiya ne ya maƙale a ciki ya fara ruɓa. Aka wanke mahaifar, aka ɗaura ruwa, aka yi ta allurai. An yi suna uwar jariri tana kwance a gadon asibiti, amma da ƙafarta ta dawo gida, kuma bayan wannan na wanke ta a haihuwa huɗu.

Daga ranar Madam Marta ta ce mu riƙa zuwa ranar awo muna zama a gefe. Ita ba ta shiga gidajen mutane, mu kuma ba mu da abin awon jini, saboda haka kowa ya riƙe wa kowa. A wurinta na koyi cewa mai jego da ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin hazo, fuskarta ta kumbura, ba aljanu ba ne, hawan jini ne, kuma jijjiga na iya biyo baya. A wurinta na ga matar da fitsari ke bin ƙafarta tun haihuwa tana ɓoyewa a ɗaki da turare, aka tura ta inda ake ɗinkewa, ta dawo a bushe. Ita kuma a wurinmu ta koyi wane gida ne sai an bi ta hannun tsohuwa, wane ne sai an bi ta hannun miji.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, masu jego ba su kai rabin masu nemana ba. In kika tsuguna gaban murhu da safe kina tura itace, za ki ji mutum ya tsaya a bayanki. Ƙanwar mai jego ce, ko maƙwabciya, ko uwar gidan kanta. Za ta fara da gaisuwa, ta tambayi yara, ta yi maganar tsadar itace. Kada ki juyo. In kika juyo ta gudu. Ki ci gaba da hura wutarki, maganar za ta fito.

Haka Jummai mai kifi ta yi mini. Kifin banda take sarowa daga Lagdo tana sayarwa a kasuwa, ina wanke yayarta ne a lokacin. Ta tsaya ta tsaya, can ta ce, "Inna Kulu, ko kina da maganin sanyi?"

Ku riƙe wannan kalma. A bakin matanmu komai sanyi ne. Ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi. In kika karɓi kalmar kika tsaya a nan, ba ki ji komai ba. Na ce, "Wane iri? Faɗa mini yadda yake."

Na san akwai farin ruwan da kowace mace ke gani, marar wari, marar ƙaiƙayi, yana ƙaruwa yana raguwa da tafiyar wata. Wannan lafiya ce, 'yan mata da yawa na kwantar musu da hankali a kansa sun tafi suna dariya. Na Jummai ba shi ba ne. Ruwan ɗorawa ne mai ƙarni, fitsari na yi mata zafi, mara na ciwo, in mijinta ya kusance ta sai ta cije zani. Tun ɗanta na fari ba ta sake ko ɓatan wata ba, ga yaron har ya shiga makaranta. Ta zauna a ruwan bagaruwa, ta sha kafso na mai tebur, ta sayi wani matsi a wurin wata mai talla a waya, abin ya ƙone ta.

Na ce, "Ba ni da maganinsa, kuma duk wadda ta ce miki tana da shi ba tare da an duba ki ba, cinikinta take yi. Gobe ki bar wa 'yar'uwarki kifin, mu je."

Aka yi gwaji, aka rubuta magani. Madam Marta ta ce sai an haɗa da mijin, in ba haka ba ta sha ta warke ya sake mayar mata. Nan aikin ya tsaya, don Jummai ta ce ko za a yanka ta ba za ta iya gaya masa ba. Tela ne. Na ɗauki wani tsohon zanina na kai masa kalmasa, na zauna a bencinsa har shagon ya watse.

Na ce, "Malam Isa, matarka an ba ta magani, an ce kai ma ka je."

Ya tsayar da keke. "Ni? Inna, ni lafiyata lau."

Na ce, "Haka yake yi wa maza, ba ya nuna kansa. Ba wanda ya tambayi daga ina ya zo, ni ma ban tambaya ba. Kana son ɗanka Abba ya samu ƙani ko ba ka so?"

Ya zare zanina daga ƙarƙashin allura. Ya ce, "Da wace ƙofa ake shiga?"

Ban ce muku kowa haka yake samu ba. Wasu an makara, wasu matsalarsu daban ce. Amma Jummai, shekara ba ta zagayo sau biyu ba na ɗora mata ganga a wuta.

Irin wannan ya sa sunana ya yi tafiya. Yarinyar da al'ada ke kayar da ita duk wata har ta daina zuwa makaranta, uwarta na cewa ta yi haƙuri haka mata suke, na ce a kai ta. Matar da jininta ke zuba har tafin hannunta ya yi fari, cikinta ya tasa ana yi mata barka, aka haska da eko, na'urar hoton ciki, aka ga ƙari ne a mahaifa, aka cire. Wadda ta ji ɗan ƙullutu a nono, wadda ke ganin jini bayan kwanciya da miji, wadda wata ya wuce mata sai ciwo ya soke ta a gefe ɗaya na mara. Wannan ta ƙarshen ma ba a jiran gobe, ko tuwo ne a wuta a sauke. Ban taɓa warkar da ko ɗaya ba. Rakiya nake yi.

To, sai shekarar da na ce zan ba ku labari.

An kira ni gidan Hajiya Turai, manyan 'yan kasuwar atamfa, su ma asalinsu Kano. Ɗanta Alhaji Nasiru ne aka yi wa haihuwa, matarsa Maryama, yarinya mai sanyin hali. Hajiya ita ce gidan. Ita ke cewa a dafa, ita ke cewa a sauke. Tsarinta na jego irin na dā ne: ruwa yana tafarfasa safe da yamma, kunun kanwa mai kauri kwano-kwano, ga garwashi a ɗaki, a zafin Garwa.

Bayan suna na lura da ƙafafun Maryama. Na danna yatsa a ƙwaurinta, ramin ya zauna bai taso ba. Zobenta ya nutse. Na ga an tara mata matasan kai, na tambaya, ta ce in ta kwanta miƙe numfashi ke ƙwace mata, a zaune take barci. Daga ɗaki zuwa makewayi sai ta dafa bango tana haki. Na taɓa ganin irin wannan a matanite, na kuma ji abin da Madam Marta ta ce: zuciya ce ke gazawa, zafi da kanwa kuma ƙara mata kaya suke yi.

Na sirka ruwan, na wanke ta a hankali, na je na sami Hajiya a falonta.

Na ce, "Hajiya, yarinyar nan likita take bukata, yau. A dakata da kanwa da ruwan zafi."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kulu, da wannan wankan na haifi duk 'ya'yana. Kumburi sanyi ne, wuta ke fitar da shi. Wanka na kira ki, ba duba ba."

Na ce, "Hajiya, ki yi mini rai. In aka ci gaba a haka, ina tsoron kada a rasa ta."

Ta ce, "A'uzubillahi! A gidana za ki kira wa surukata mutuwa?"

Alhaji Nasiru yana Duwala wajen kaya. Na nemi lambarsa na kira shi, ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Inna, abin da Hajiya ta ce shi za a yi." Na je na gaya wa Madam Marta, ta cire rigar aiki ta biyo ni har ƙofar gidan, aka ce mana Hajiya na hutawa. Kafin magariba an aiko mini da gangata a baro. Suka ɗauko wata ta ci gaba da wankan. Ranar da suka kai Maryama asibiti, a kwance aka shiga da ita. Ba ta yi arba'in ba.

Ban ankara ba magana ta zagaye gari: Kulu ce ta yi mata baki. Ta ce za ta mutu, ta mutu. Gidajen da na wanke uwa na wanke 'ya, suka haihu ban ji ba sai a bakin mutane. In na shiga biki, mai ciki ta ja mayafi ta rufe cikinta. Gangar nan da kuke gani, ruwan sha na riƙa tarawa a ciki. Na koma dafa gyaɗa ina kaiwa tasha. Ɗan aikin da nake samu na baƙi ne, matan ma'aikata da aka turo daga kudu, waɗanda Madam Marta ke haɗa ni da su, ba su san kowa ba balle su ji gulma. Haka na ci damina, na ci kaka.

Wata rana da bazara, rana tsaka, lokacin da ko akuya ba ta yawo, na ji sallama. Mace ce ita kaɗai, ta rufe fuska da mayafi, ƙafarta duk ƙura, alamar a bakin titi ta sauka ta tako. Ta zauna a kan 'yar tsuguno ta buɗe fuska. Hajiya Turai.

Na kawo mata ruwa. Muka gaisa kamar ba komai. Na jawo tiren gyaɗata na ci gaba da tsincewa, ban dube ta ba.

Can ta ce, "Kulu, al'adata ta ɗauke tun kafin a aurar da autata. Yanzu ta dawo."

Na ce, "Tun yaushe, Hajiya?"

"Tun azumi. Ɗigo-ɗigo. Wani lokaci ruwa-ruwa. Ban gaya wa kowa ba." Ta ajiye ruwan a ƙasa. "Ki faɗa mini abin da kika gani, yadda kika faɗa a kan Maryama. Wannan karon zan ji."

Na ce, "Hajiya, al'adar da ta tafi ba ta dawowa. Jinin da ya zo bayanta, ko ɗigo ɗaya ne, na likita ne. Mene ne, ban sani ba, sai an duba. Wani abu ne ƙarami, wani babba. Abin da na sani, gara yau da gobe."

Ta ce, "Namiji zai duba ni? Da jikokina?"

Na ce, "Za mu fara da Madam Marta. In ta kai ga namiji, ina tsaye a kanki."

Na ɗauki mayafina. Moto biyu muka tare, wato baburan haya, ita da ba ta taɓa hawa ba, ta riƙe ƙarfen baya tana salati har muka isa.

Madam Marta ta gane ta sarai, matar da ta bar ta tsaye a ƙofa. Ba ta nuna ba. Ta ba ta kujera, ta duba ta, ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. A can aka haska, aka ɗebi ɗan nama aka aika gwaji. Likitan namiji ne, sa'an ɗanta. Na tsaya a kanta na riƙe hannunta kamar yadda na yi alkawari, ta runtse ido tana jan carbi da ɗaya hannun. Da sakamako ya fito ya kira Alhaji Nasiru ya zaunar da su. Ya ce ciwon daji ne a mahaifa, amma bai fita daga cikinta ba, in aka cire mahaifar akwai kyakkyawan zato. Hajiya ba ta bari ɗanta ya buɗe baki ba. Ta ce, "A cire. Ta gama aikinta."

Aka yi aiki, aka dace. Ni na yi jinyarta a gida, ina goge mata jiki da ruwa mai ɗumi, ina lura da ɗinki, ina raka ta duk ranar da aka ce ta koma. Ba ta taɓa ɗauko maganar baya ba, ni ma ban ɗauko ba.

Da autarta ta haihu, mota aka aiko mini. Ranar suna tsakar gidan ya cika maƙil, duk manyan matan garin nan suna nan, har da waɗanda suka daina amsa gaisuwata. Ina gefe wajen murhu. Sai na ga Hajiya ta miƙe, ta dogara sanda, ta ce a kashe kiɗa.

Ta ce, "Ku saurara. Ni na ce Kulu ta yi wa Maryama baki. Ba haka ba ne. Kulu ta ce a kai ta asibiti, ni na hana. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ku taya ni roƙo. Na biyu, ni ɗin nan da kuke gani, jini na gani bayan tsufa, na ɓoye. Kulu ta kai ni, aka sami daji, aka cire mini mahaifa. Ga ni tsaye. Duk wadda ke ɓoye irin nawa a cikinku, ta ji kunya ta mutu, ko ta tashi."

Mace irin Hajiya ba ta faɗin irin wannan ko a ɗaki, balle a taro. Sannan ta ce, "A sa kiɗa," ta zauna.

Ban gama kwashe garwashi ba na ji mutum a bayana. Ta tafi, wata ta zo. Ranar ban ci abincin suna ba. Wata tsohuwa 'yar kasuwa ma ba ta tsaya maganar itace ba, ta ce, "Kulu, nawa ya fi shekara." Hajiya na hango mu daga kujerarta. Da za a watse ta ce duk wadda ta yi magana da ni ta zo ƙofar gidanta da safe, mota na nan.

Washegari motar ɗaukar atamfa ce ta tsaya a gaban matanite. Hajiya a gaba kusa da direba, ni a baya da sauran. Aka buɗe ƙofa, hajiyoyi suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ja mayafi har hanci. Madam Marta ta fito ta tsaya a baranda, ta riƙe ƙugu tana kallo.

Ta ce, "Kulu, suna kika je ko kame?"

Kafin in amsa Hajiya ta sauko da sandarta, ta kamo hannun tsohuwar nan 'yar kasuwa da ke neman laɓewa bayan mota, ta tura ta gaba.

Ta ce, "Madam, fara da wannan. Duk garin nan ba wadda ta fi ta taurin kai, in ban da ni."